Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Fitsarin mijina ya tsaya tun jiya da safe. Bai faɗa mini ba. A banɗaki na same shi yau, ya dafe bango da hannu biyu kamar mai tura mota, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na ce lafiya? Ya ce ba komai. Abin da yake cewa ke nan tun ranar da na san shi. A tasha ma direbobi ba su san shi da wani suna ba sai Ba-komai, kuma ni ma na bi sahu, ko da yake ni ba da wasa nake faɗa ba.

Likitar da muka samu a asibiti mace ce, 'yar siririya mai tabarau, na girme ta nesa. Ta nuna mini hoton cikinsa: wani farin ɗigo kamar ƙwayar wake, a bakin hanyar da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Ta ce tsakuwa ce ta toshe. Ta ce yawancin mutane ɗayar ƙodar kan riƙe su kafin a yi aiki. Sai ta sake duba hoton, ta ɗaga rigarsa ta ga dogon tabon da ke gefensa na hagu.

"Ina ta hagun?"

Na ce tana waje a kan benci, tana amsa waya.

Yayansa ne a waje, shi aka dasa wa ita. Shi ya kawo mu a motarsa. Likita ta dube ni, ta dubi Ba-komai, ta gyara tabarau.

Talata, da yamma

Sun zura masa wani siririn tiyo daga ƙoda zuwa mafitsara, ya ratsa ta gefen tsakuwar, don ruwan da ya taru ya samu hanya. Tsakuwar na nan. Sai mako mai zuwa za a fasa ta.

Na zauna ina jira in ji tsoro. Bai zo ba. Na ci rabin lemo.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Likita ta tambaye shi ruwa nawa yake sha a rana. Ya ce daidai gwargwado. Na ce ƙarya yake. In zai yi tafiya, tun daren jiya yake yaye kansa daga ruwa, sai dai ya jiƙa leɓe. Direban doguwar mota da ke tsayawa fitsari abin dariya ne a tasha, fasinjoji su yi ta tsaki, motar da ta taso bayansa ta wuce shi ta kwashe mutanen gaba. Shekaru yana alfahari da cewa shi daga tasha sai tasha. Motocin kuma na Yaya ne.

Ya ce, "Malama, a bar wa likita aikinta mana."

Malama yake ce mini in yana son in yi shiru. Ni ba malama ba ce, littattafai nake jerawa a ɗakin karatu na gari. Amma na yi shiru.

Juma'a, 7 ga wata, da rana

An sallame mu mu jira a gida. Na koma aiki. Na ɗauko babban littafin jikin ɗan Adam daga kanta ta sama, wanda ba mai aronsa sai yara masu neman hotunan da ba a so su gani. Ƙoda guda biyu aka zana, jajaye, kowacce na fuskantar 'yar'uwarta. Na rufe ɗaya da tafin hannuna na daɗe ina kallo. Wani dattijo ya zo neman jaridar jiya. Na ba shi ta shekaranjiya, bai lura ba.

Litinin, 10 ga wata, bayan azahar

Likita ta tara mu ta yi bayanin aikin gobe. Ni, da shi, da Yaya, da Inna mahaifiyarsu, wadda ta ce sai ta ji da kunnenta.

"Ba yanka za mu yi ba. Ta hanyar fitsari za mu shiga, da siririn bututu mai ido a kansa."

Ba-komai ya haɗa gwiwoyinsa. Yaya ya yi tari ya dubi silin.

"A cikin bututun akwai wani zare, kaurinsa bai wuce na zaren ɗinki ba. Shi ke ɗauke da hasken leza. In na ga tsakuwar a allo, sai in ɗora mata bakin zaren in taka feda. Hasken ya yi ta bugunta har ta zama gari."

Ya ce, "Feda? Ashe likita ke ma direba ce."

Ta ce, "Direba ce, amma ni ina tsayawa in yi fitsari."

Kowa ya yi dariya har Inna, wadda ba ta gane ba. Ni ma na ji bakina ya yi abin da ake yi.

Ta ce bayan aiki za ta sake barin tiyo a ciki na mako biyu, don hanyar kan kumbura. Garin tsakuwar kuwa ruwa ne kawai zai wanke shi. Ya sha, ya sha, ya ƙara sha. Ta faɗa har sau uku, tana kallona, ba shi ba.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Inna ta zo da kwalba. Ta wanke ta fes, ta naɗe a gefen mayafi. Lokacin da aka yi wa marigayi mahaifinsu irin wannan aikin, an tsaga shi daga nan zuwa nan, aka miƙo mata tsakuwar a kwalba, ta kusa ƙwan tattabara. Shekaru tana kan kabad ɗinta, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

An shiga da shi. A bango akwai hoton wani jariri mai dariya da ba shi da alaƙa da wannan sashen. Fanka na juyawa tana ƙara kamar tana neman a yafe mata.

Talata, bayan la'asar

An fito. Likita ta ce ta fasa duka. Inna ta miƙa kwalba.

"Inna, babu abin sawa. Ta zama gari. 'Yan ɓurɓushin da na tsinto an kai ɗakin gwaji."

"Gari."

"Gari, Inna."

Inna ta ɗaga bargo ta duba cikin ɗanta, ta duba bayansa, ta shafa. Ba auduga, ba ɗinki. Ta mayar da kwalbar cikin mayafi. A hanyar fita ta ce mini ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, ba su same ta ba ne, kunyar faɗa suke."

Laraba, 12 ga wata, da yamma

Gida. Na cika robobin ruwa na jera a kan tebur, inda zai gan su daga kujerarsa.

Asabar, 15 ga wata, da rana

Masu dubiya. Suna shigowa da fuskar jaje, su same shi zaune yana kallon ƙwallo, sai fuskar ta rasa inda za ta sauka. Maƙwabcinmu tela ya ce a nuna masa wurin. Ba-komai ya ɗaga riga don wasa. Tela ya ga tsohon tabon ya ce, "Kai, masha Allah! Kwana huɗu har ya warke haka?"

Ba wanda ya gyara masa.

Na shiga kicin na wanke kofunan da na riga na wanke.

Lahadi, 16 ga wata, da safe

Tiyon na damunsa. Da ya sha ruwa sai banɗaki, ya fito ya zauna, ya sake tashi. Fitsarin ja-ja ne. In yana yi sai ya riƙe ƙugu. Likita ta ce haka zai yi, tiyon ne ke gogar mafitsara. Inna ta ce tsakuwar ce ke motsi.

Ya ce, "Malama, ruwan nan naki zai kashe ni."

Na ce to sai mu ga wanda zai riga.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya zo da kankana. Ya yi ƙiba, fatarsa na sheƙi. Ya zauna a kujerata.

"Amarya, kin ga zamani ko? Aikin ƙoda ya koma kamar aski. Ka shiga, ka fito, ka karkaɗe riga."

Amarya yake ce mini har yau, da furfurata. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne, Yaya. Haka aka koya mini yi wa yayan miji, kuma na iya.

Ya sake cewa kamar aski. Ya faɗa wa Inna, ya faɗa wa tela da ya leƙo, ya faɗa wa wani a waya. Ban taɓa ganin mutum yana buƙatar abu ya zama ƙarami haka ba. Ƙaninsa kuma na taya shi: "Ai ba komai ne, Yaya, barci na yi na tashi."

Da zai tafi, yana sa takalmi, ya ce wani direba ya gudu ya bar mota a tasha. Ya ce shi ba cewa ya yi kowa ya koma ba, labari kawai yake bayarwa.

Laraba, 19 ga wata, da rana

Ba zan rubuta zancen waccan shekarar da aka ciro ƙodarsa ba. Ba a tambaye ni ba, sanar da ni aka yi, ina tsaye da tsintsiya a hannu. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Alhamis, 20 ga wata, da sassafe

Jakar tafiyarsa ba ta bayan ƙofa. Robobin jiya da yamma suna nan a cike.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ya dawo. Leɓɓansa sun tsage. Ya ce kin ga, ko sau ɗaya bai tsaya ba, in bai sha ba tiyon ma ba ya damunsa. Yana faɗa yana murna, kamar wanda ya gano wani ilimi.

Ina da maganganu. Tun a wurin aiki na shirya su, masu kaifi, a jere. Na buɗe baki sai na ji na ce, "Abincinka na kan tebur."

Na ajiye masa ruwa. Ya sha rabi don ya faranta mini.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Yau ce ranar cire tiyo. Yana hanya tun asuba. Ni na je, na zauna a layi da katinsa a hannu kamar mahaukaciya. Da aka kira shi na shiga.

Likita ta ce, "Ina mai ƙodar?"

Na ce wanne daga ciki?

Ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce da ma tsaga shi ta yi. Ta ce wanda aka tsaga yakan kwanta don dole, danginsa su tsare ƙofa. Wannan aikin kuwa kyansa ne ke cutar mutane, ba sa ganin jini sai su ɗauka ba a yi komai ba. Ta ce in kawo shi ko a ɗaure.

Na kira shi bai ɗauka ba. Na kira Yaya. Ya ce, "Amarya, in ya dawo da kaina zan kawo shi. Kwana biyu ai ba wani abu ba ne."

Na ce haka ne, Yaya.

Alhamis, 27 ga wata, bayan azahar

Wani abokin aikinsa ne ya kawo shi asibiti a bayan motar kaya. Ya ce Ba-komai ya sauka gefen titi a hankali, ya ja birkin hannu, ya kashe mota, ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri. Daga nan bai iya tashi daga kujera ba. Jikinsa kamar garwashi, haƙora na kaɗawa. Abokin ya yi ta nanata mini cewa ko ƙwarzane motar ba ta yi ba.

Garin tsakuwar ya daskare a cikin tiyon, tun da ba ruwan da zai kora shi. Ya toshe. Ƙwayoyin cuta sun taru a baya, sun shiga jini. An sake shiga da shi don canja tiyo.

Jaririn bangon yana nan yana dariya.

Juma'a, 28 ga wata, da safe

Jakar fitsari a rataye a gefen gado. Babu komai a ciki sai ɗan abin da bai rufe gindinta ba.

Juma'a, da yamma

An yi masa wankin ƙoda. Jininsa na fita ta wani tiyo ya zaga cikin na'ura ya dawo. Na zauna ina kallo kamar injin wanki. Likita ta ce wataƙila na ɗan lokaci ne, ƙodar ta suma ne. Wataƙila kuma ba suma ba ce. Ta ce jakar ce za ta gaya mana.

Wata nas ta ce mini, "Anti, ki yi kuka mana, zai fi miki." Na ce in na samu lokaci.

Asabar, 29 ga wata, da rana

Jaka. Kamar jiya.

Lahadi, 30 ga wata, da rana

Jaka.

Inna ta ce ai ta faɗa tun farko, ba a fitar da tsakuwar ba. Ta faɗa a gaban likita.

Litinin, 31 ga wata, da hantsi

Likita ta kira Inna da Yaya ofishinta, ta ce ni ma in zo. Ta juyo da allon kwamfuta. Ashe idon bututun nan yana ɗaukar abin da ya gani.

Wata hanya ce ja-ja mai laushi, kamar cikin maƙogwaro. Sai ga ta. Ta cika allon, rawaya, da ƙayoyi a jiki, naman da ke kewaye da ita ya kumbura yana jini. Wani ɗan ɗigon haske ya sauka a kanta. Sai ƙura ta tashi, fari fat, kamar ana tankaɗe. Ta lafa, ga rami a jikin tsakuwar. Ɗigon ya matsa, ƙura ta sake tashi. Haka, haka, ba gaggawa, har babu sauran abin da ya fi ƙwayar yashi.

Inna ta kama bakinta. "Wannan a cikin ɗana?"

"A cikin wadda ta rage masa, Inna."

Ba wanda ya taɓa faɗar haka da ƙarfi a gaban Yaya. A gidansu ba a faɗa. Ana cewa lokacin da Yaya bai ji daɗi ba.

Inna ta fita tana salati. Yaya bai tashi ba. Ya cire hula ya riƙe a cinya. Ya ɗora hannu a ƙasan cikinsa, ta dama, inda nasa tabon yake.

"Likita, ana iya mayar masa da ita?"

"A'a."

"Ko a wata ƙasa?"

"Ko a ina. Ta zama taka."

Ya gyaɗa kai ya yi ta gyaɗawa. Shekaru ina jiran ranar da zan ga fuskar mutumin nan haka. Na sha tsara ta ina jera littattafai. Ga ta, na gani. Na lura maɓallin rigarsa ɗaya ya kusa tsinkewa, shi ke nan abin da na ji.

Talata, 1 ga sabon wata, bayan la'asar

Jakar ta kai kwata. Launin shayi. Nas ta ɗaga ta sama tana nuna wa 'yan ɗakin kamar an yi haihuwa.

Alhamis, 3 ga wata, da safe

Ta cika, an zubar, tana sake cika. An dakatar da wankin. Ya buɗe ido sosai ya dube ni.

"Malama."

"Kada ka kuskura ka faɗa."

Ya rufe baki. Can ya ce, "Da komai."

Juma'a, 11 ga wata, da hantsi

An cire tiyo. Ko zama ban gama yi a benci ba aka fito da shi. Ƙodar ta farfaɗo amma ba duka ba. Likita ta ce abin da ya rage zai ishe shi in ya lallaɓa, ba zai ishi direban doguwar mota ba. Ya tambaya ko na ɗan lokaci ne. Ta ce a'a. Ya dubi hannayensa. A mota, duk inda mai tasi ya canja giya a makare, ƙafarsa na motsi.

Lahadi, 13 ga wata, da safe

Yaya ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya rame. Ya ce akwai aiki a ofishin tasha, na zama, kusa da famfo da banɗaki, in ƙaninsa na so. Na ce zan faɗa masa.

Ya juya zai tafi. Ban san daga ina tambayar ta fito ba. Na san dai daga karatuna cewa mai ɗauke da ƙodar wani yana shan magani safe da dare har ya mutu, in ba haka ba jikinsa ya far mata.

"Yaya, kana shan maganinka?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi amarya, kwanakin nan da hankali ya tashi, ina sha ina mantawa. Na jiya ma..."

Ban san ina da wannan muryar ba. Tela ya fito da almakashi a hannu. Na ce mantawa? Ka manta da me? An tsaga mini miji ina tsaye a waje, an ciro ta da ranta an sa maka, kai kuma ka bar ta kamar tsohuwar taya a bayan tasha? Na ce ka san nawa ta rage mana a gidan nan? Na ce ba kyauta ba ce a wurina, ni ban bayar ba. Na ce masa kai, ba ku ba, ban ce Yaya ba ko sau ɗaya. Na bi shi har mota, na sa ya buɗe aljihun gaba, ga kwalin maganin nan a yashe cikin rasiɗai. Na tsaya a kansa har ya haɗiye, matar tela ta miƙo ruwa ta kan katanga.

Ya ce, "To. To. Na sha. Allah ya ba ki haƙuri."

Na ce gobe da safe zan kira, da dare ma zan kira, kuma ya kuskura ya ƙi ɗauka.

Da na dawo ciki na tarar da Ba-komai ya riƙe ƙugu yana dariya yana cewa wayyo. Rubutun nan ma ya karkace. Kaina na ciwo, yunwa nake ji kamar in ci tebur.

Na sa lambar Yaya a saman wayata. Yanzu ƙoda biyu nake gadi, a gida biyu.